Mai Sharhi da Masu Mulki a Jihar Arewa, 1939 zuwa 1960

Gabatarwa

A cikin kowace al'umma akwai waɗansu mutane waɗanda ba su riƙe da sarauta ko wani muƙami na hukuma, amma duk sa'ad da wani babban al'amari ya auku sai jama'a su kasa kunne su ji abin da za su ce. Su ne ake kira masu sharhi, watau masu tofa albarkacin bakinsu a kan sha'anin mulki da al'adu da al'amuran yau da kullum. Ƙasar Hausa ta san irinsu tun kafin zuwan Turawa, amma matsayinsu ya sake ƙwarai a cikin shekara ashirin da ɗaya da ke tsakanin watan Janairu na 1939, lokacin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, da ranar 1 ga Oktoba, 1960, da Nijeriya ta sami mulkin kai.

Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa ba a iya auna maganar mai sharhi daidai sai an san abu uku game da shi: inda ya samo ikon yin magana, da wanda ke ciyar da shi, da waɗanda ke saurarensa. Wanda ya karanta rubuce-rubucen wancan zamani bai yi waɗannan tambayoyi ba, zai iya ɗaukar mai taka tsantsan a kan matsoraci, ya kuma ɗauki ɗan koren jam'iyya a kan mai faɗin gaskiya tsagwaronta.

Gādon da aka tarar: malami da maroƙi

Kafin a san jarida, mutum biyu ne al'ada ta yarje wa su yi magana a bainar jama'a game da masu mulki. Na farko shi ne malami mai wa'azi. Ikonsa daga Littafi ya fito, gama wajibin umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna bai ware sarki ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya bi wannan hanya, har a cikin Kitabul Farƙi ya jera abubuwan da ya ga sun saɓa wa shari'a a mulkin sarakunan Haɓe, kamar su jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu iko don neman biyan bukata. Ƙanensa Malam Abdullahi ya yi abin da ya fi wannan wuya, domin mutanensa ya soka. Tun ana cikin jihadi ya ga waɗansu abokan tafiya sun karkata ga neman dukiya da muƙami, sai ya bar su ya nufi gabas, ya yada zango a Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya bayyana yadda ya kamata a yi mulki. Wannan salo bai tsaya a ƙasar Hausa kaɗai ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna Salga da Kete-Karachi a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ya kuma rasu a 1934, ya yi waƙoƙi a kan zuwan Nasara da kuma a kan talauci da wadata. Malamin irin wannan, muddin yana ci daga gonarsa da sadakar almajiransa, fada ba ta da linzamin da za ta ja shi da shi. Idan kuwa ya karɓi alkyabba, to, harshensa ya yi nauyi.

Na biyu shi ne maroƙi, ko makaɗin fada. Shi ikonsa daga ubangidansa ya fito, abincinsa da suturarsa da dokinsa duk daga can suke. Aikinsa yabo ne, amma yabon sarki ba ya cika sai an haɗa shi da zambo ga abokan gābarsa, da habaici ga 'yan uwansa masu neman gadon sarauta. Saboda haka waƙar fada ta zama wata hanya ta ba da labarin abin da ke gudana a cikin gidan sarauta, wanda ya san kan zance yana iya gane wanda tauraronsa ke haskawa da wanda ya faɗi. M. G. Smith ya yi bayanin wannan sana'a ta roƙo a cikin wata maƙala da aka buga a 1957, inda ya nuna yadda take tabbatar da darajar manya, take kuma zama abin tsoro ga wanda ya hana kyauta. A ƙarƙashin waɗannan biyu akwai masu ban dariya, irin su 'yan kama da 'yan gambara da yara masu wasan tashe, waɗanda ake ƙyale su su kwaikwayi malami ko attajiri, don an ɗauka wasa suke yi.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke magana da sunan kansa a matsayin ɗan ƙasa. Malami da sunan addini yake magana, maroƙi da sunan ubangida, mai ban dariya kuwa ya fake da wasa. Mutumin da zai tashi ya ce ga ra'ayinsa game da haraji ko kotun alƙali, ya kawo hujja, ya jira a ba shi amsa, sabon abu ne wanda makarantar boko da injin ɗab'i suka kawo.

Gaskiya Ta Fi Kwabo da editanta

Gwamnatin Turawa ce ta kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo, a ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Zariya wadda Dokta R. M. East yake shugabanta. Dalilin kafa ta ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen shekarun 1930 Jamus tana neman a mayar mata da ƙasashen da aka ƙwace mata bayan Yaƙin Duniya na Farko, cikinsu har da Kamaru, wadda wani yanki nata ake mulkinsa tare da lardunan Adamawa da Barno. Jita-jita ta bazu cewa za a miƙa wa Jamus Nijeriya. Gwamnati ta ga tana bukatar bakin da zai faɗa wa jama'a labari da harshensu, don ta kashe ji-ta-ji-ta. Sunan jaridar da kansa ya nuna nufin: kwabo ne kuɗinta, abin da ke ciki kuwa an ce ya fi kwabon daraja.

Aka ɗauko Malam Abubakar Imam ya zama edita. An haife shi a Kagara a 1911, ya fito daga gidan malamai da alƙalai, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina, ya kuma riga ya yi suna da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Idan aka auna shi da tambayoyin nan uku sai a ga matsayinsa yana da sarƙaƙiya. Ikon maganarsa daga ilminsa biyu ya fito, na Arabiyya da na boko, da kuma gwanintarsa ta harshe. Albashinsa daga gwamnati yake, takarda da tawada da injin ɗab'i duk nata ne. Masu saurarensa kuwa iri biyu ne waɗanda ba safai bukatunsu ke haɗuwa ba. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa masu karatu, waɗanda ke karanta jaridar da ƙarfi a zaure ko a bakin kasuwa don waɗanda ba su iya ba su ji. Akwai kuma Razdan da Di'o da sarakuna, waɗanda ke duba kowane layi su ga ko an taɓa su.

Mutumin da ke tsakanin waɗannan duwatsu biyu dole ya nemi dabara, dabarar kuwa ta fito daga gādon da aka ambata. Sharhin jaridar ya ɗauki siffar nasiha. Akan soki hali a bar mai halin, a yi magana a kan cin hanci da zaluntar talaka ba tare da an kama sunan hakimi ko gari ba. Akan fara da yabon abin da aka yi daidai kafin a kawo abin da ya rage. Akan sa karin magana ko ɗan labari ya ɗauki nauyin da magana kai tsaye ba za ta iya ɗauka ba. Wannan ba sabon abu ba ne ga marubucin Magana Jari Ce, littafin da aka gina shi a kan tsuntsu mai yi wa masu mulki gargaɗi ta hanyar ba da labari.

Abin da ya faru a 1943 ya nuna iyakar wannan matsayi da kuma ƙarfinsa. A shekarar nan aka gayyaci 'yan jarida takwas daga Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Abubakar Imam yana cikinsu, haka kuma Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot wadda ya kafa a Ikko a 1937. Azikiwe ya shirya takardar neman a tsai da lokacin ba da mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, don a ganinsa Arewa ba ta da isassun masu ilmin zamani da za su riƙe rabonta idan aka yi gaggawa. Waɗansu sun ɗauki wannan a kan biyayya ga Turawa. Amma a cikin tafiyar nan ce ya gana da Lord Lugga, wanda ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna, ya kuma rubuta masa bayanin illolin da tsarin ya haifar, da yadda aka yi watsi da matasa masu ilmi. Watau abin da bai iya bugawa a shafin jarida ba ya faɗe shi a cikin wasiƙa. Labarin tafiyar ya fito a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, aka mayar da jaridar ƙarƙashinsa, amma kuɗin da aka kafa kamfanin da shi na gwamnati ne, don haka igiyar ba ta tsinke ba, tsawonta ne ya ƙaru.

Masu wasiƙu da masu muhawara

Jarida ba edita kaɗai ba ce. Shafin wasiƙu ya buɗe ƙofar da ba a taɓa buɗewa ba, gama malamin makarantar elementare a wani ƙauye yana iya rubuta kukansa game da rijiya ko hanya ko kasuwa, a karanta shi a Sakkwato da Yola a mako guda. Amma yawancin masu iya rubutun boko a lokacin ma'aikata ne, ko na gwamnati ko na En'e, dokokin aiki kuwa sun hana ma'aikacin gwamnati tsoma baki a siyasa ta hanyar jarida, ma'aikacin En'e kuma ya san sarki na iya korarsa ba tare da dogon bayani ba. Shi ya sa ɓoye suna ya yawaita. Wanda abin da ke ransa ya fi ƙarfin shafin Zariya sai ya rubuta da Turanci ya aika wa jaridun Ikko, inda babu mai tace masa magana. Ta haka aka sami rabuwa mai ban mamaki: zance mai zafi game da Arewa yana fita da harshen da talakan Arewa ba ya ji, zancen da ke isa kunnensa da Hausa kuwa an riga an sanyaya shi.

Wata kafa ita ce ƙungiyoyin muhawara. Wadda ta fi shahara ita ce ta Bauci, wadda aka kafa a 1943 da yardar hukuma. A cikinta aka haɗu da mutum uku waɗanda daga baya kowannensu ya bi tasa hanya: Malam Sa'adu Zungur, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Aminu Kano, wanda a lokacin yake koyarwa a Makarantar Midil ta Bauci. Muddin ana tattauna sha'anin ilmi da tsabta da noma, ba wanda ya damu. Da muhawara ta kai ga tsarin mulkin En'e kansa, har aka taɓo zancen albashin sarakuna, sai hukuma ta janye yardarta, taron ya mutu. Darasin a fili yake: dandalin da hukuma ta shimfiɗa, ita ke da ikon naɗe shi.

Hanyoyin da mutanen nan uku suka bi sun nuna zaɓin da ke gaban mai sharhi a wancan zamani. Tafawa Ɓalewa ya shiga majalisa, ya yi magana daga ciki. A watan Agusta na 1950 ya kawo shawara a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna cewa a binciki tsarin En'e a gyara shi, jawabin da ya girgiza sarakuna da Turawa duka. Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru a ƙarshen shekarar nan, don ya ga albashi da 'yancin magana ba za su zauna a aljihu ɗaya ba. Sa'adu Zungur kuwa, ko da yake ya yi siyasa har ya riƙe sakataren jam'iyyar NCNC a Ikko, abin da ya fi barin suna da shi shi ne waƙa.

Dalilin komawa ga waƙa

Abin tambaya ne a ce mutumin da ya yi Kwalejin Katsina, ya kuma je Babbar Kwalejin Yaba a Ikko, ya iya Turanci ƙwarai, ya zaɓi ya zuba ra'ayinsa na siyasa a cikin baitoci masu ƙafiya da karin Larabci. Amsar tana cikin tambayoyin nan uku. Rubutacciyar waƙa ba ta bukatar injin gwamnati, ana kwafe ta da hannu da ajami ko da boko. Ba ta bukatar mai sauraro ya iya karatu, gama ana haddace ta a rera, makafi masu bara ma suna yawo da ita gari gari. Sa'an nan tana zuwa da rigar malanta, ta buɗe da sunan Allah da salati ta rufe da addu'a, har ya zama da wuya mai mulki ya ce da marubucinta ɗan iska ne ko yaron Kudu. Sa'adu ɗan gidan malamai ne a Bauci, ya kuma yi zurfi a ilmin addini, don haka rigar tasa ce, ba aro ya yi ba.

A cikin Maraba da Soja ya tari sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda da yawansu suka yi yaƙi a Bama, ya juya zancen ya zama tambaya game da 'yancin da aka ce don shi aka yi yaƙin. A cikin Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ya fuskanci sarakuna kai tsaye. Ba cewa ya yi a kawar da sarauta ba. Gargaɗi ya yi musu cewa su gyara mulkinsu, su rungumi ilmi da shawara da adalci, ya kuma kafa musu misali da sarakunan Indiya waɗanda ikonsu ya gushe bayan ƙasar ta sami 'yanci a 1947. Wannan shi ne sharhi a kan al'amuran duniya da cikakkiyar ma'anarsa: an ɗauko abin da ya faru a wata nahiya, an auna shi da halin gida, an fitar da hukunci. Ya rasu a 1958, bayan doguwar rashin lafiya, bai ga ranar mulkin kai ba.

Ba siyasa kaɗai aka yi wa sharhi da waƙa ba. Malam Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta wanda shi ma ya rasu a 1958, ya yi waƙoƙi a kan giya da karuwanci da ilmin zamani, watau a kan abin da sabuwar rayuwar birni da albashi da jirgin ƙasa suka jawo wa tarbiyya. Irin wannan sharhi na al'adu bai gamu da tsangwama ba, har hukumar NORLA, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a shekarun 1950 don samar da littattafan Yaƙi da Jahilci, ta buga shi ta rarraba. Dalili kuwa shi ne, sukar mashayi ba ta taɓa kujerar kowa. Ya kamata mai nazari ya riƙa tuna cewa abin da ya iso gare shi a bugagge ya bi ta wannan rariya, abin da bai wuce ta ba sai a neme shi a hannun tsofaffi da cikin kundayen iyalai.

Zamanin jam'iyyu

Ranar 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. A watan Oktoba na 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda da fari ƙungiyar al'adu ce, ta zama jam'iyyar siyasa, ita ce NPC. Daga nan mai sharhi ya sami sabon ubangida. Kowace jam'iyya ta tara mawaƙanta da masu lacca, ana rera waƙoƙi a filin taro kafin shugabanni su hau mumbari. Malam Aƙilu Aliyu da Malam Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suna cikin waɗanda suka yi wa NEPU waƙa a wancan lokaci, NPC kuma tana da nata marubuta, ga kuma makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa.

An sami riba a nan, an kuma yi hasara. Ribar ita ce, zancen haraji da aikin tilas da hukuncin alƙalai ya fito fili da Hausa, a gaban talakawan da abin ya shafa, ba tare da lulluɓi ba. Hasarar ita ce, salon roƙo ya rinjayi salon hujja. Yabon shugaba da zambo ga abokin hamayya suka cika baitoci, ana kafirta juna, ana tonon asiri. Mawaƙin jam'iyya ba ya iya faɗin laifin tasa, kamar yadda makaɗin fada ba ya iya faɗin laifin sarkinsa. Bambancin da ke tsakanin ɓangarorin biyu shi ne farashin da ake biya. Kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari duk suna hannun En'e, En'e kuwa a yawancin wurare tana tare da NPC, don haka 'yan NEPU da yawa sun sha ɗauri da bulala a kan laifin zagin sarki ko yin taro ba izini. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta yi ta kiran a ba matan Arewa ikon jefa ƙuri'a, an ɗaure ta sau da yawa. Ikon nan kuwa bai samu ba sai a 1976.

A gefen gwamnati, NORLA ta fitar da ƙananan jaridu na larduna, kamar su Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Bazazzaga ta Zariya, da Zumunta ta Bauci. Sun ƙara yawan masu karatu, amma labarin ayyukan En'e ya fi yawa a cikinsu. A watan Maris na 1957 kuma Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye daga London, abin da ya nuna cewa nan gaba kunne zai riga ido samun labari.

Kalmomin da aka gada

Wani aiki da masu sharhin nan suka yi, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne sarrafa harshe don ya ɗauki sababbin ma'anoni. Kafin a yi gardama a kan abu sai an sa masa suna. Kalmar 'yanci a dā kishiyar bauta ce, matsayin ɗa wanda ba bawa ba, sai aka faɗaɗa ta ta ɗauki halin ƙasa da haƙƙin ɗan ƙasa. Ƙuri'a a dā abin da ake jefawa ne don raba gardama ko rabon kaya, sai ta zama hanyar zaɓen wakili. Majalisa ta tashi daga zaman fadawa gaban sarki ta koma taron zaɓaɓɓu masu yin doka. Jam'iyya da jumhuriya da siyasa an ɗauko su daga Larabci. Kalmar talakawa, wadda dā ke nufin waɗanda ake mulka kawai, NEPU ta mai da ita sunan rukunin jama'a masu bukata ɗaya da abokin hamayya ɗaya. Har kirarin jam'iyyun ma sharhi ne a dunƙule, gama masu cewa sawaba suna neman sauƙi daga halin da ake ciki, masu cewa salama kuwa suna neman a zauna lafiya a kan tsarin da aka gada. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi ƙoƙarin daidaita irin waɗannan kalmomi, amma yawancinsu a shafin jarida da filin lacca suka sami gindin zama.

Abin da ya rage ga masu koyarwa

Matsalar da aka bayyana a nan ba ta ƙare da tafiyar Turawa ba. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 da jaridar New Nigerian da ta fara fitowa a watan Janairu na 1966 duk na gwamnati ne. A zamanin soja an yi Doka ta 4 ta 1984, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Da aka buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Freedom Radio ta Kano a 2003, sai mai sayen fili ya maye gurbin Razdan, har Hausawa suka raɗa wa masu yi wa 'yan siyasa yaƙi da baki a rediyo suna sojojin baka. Ita Gaskiya Ta Fi Kwabo ta daina fitowa, bayan ta yi fiye da shekara saba'in. Kayan aiki sun sake, amma tambayoyin nan uku suna nan yadda suke.

Saboda haka akwai abin da ya wajaba a kan malaman kwalejojin horon malamai da na jami'o'i. An saba koyar da waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu ta fuskar jigo da salo da ƙafiya da kari, ɗalibi ya haddace ya amsa jarrabawa, bai san abin da ya faru a shekarar da aka yi waƙar ba, bai san wanda ya buga ta ba, bai kuma san abin da marubucin ya yi hasara saboda ita ba. Gyaran wannan ba shi da wuya. A haɗa kowace waƙa da shafin jarida na lokacinta, a sa ɗalibai su gwada yadda edita mai cin albashin gwamnati da mawaƙin jam'iyya da malami mai zaman kansa suka ɗauki al'amari guda. Tsofaffin kofen jaridun suna nan a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa, amma takardar jarida ba ta da ƙarko, kowace damina tana cin rabonta. Ɗaukar hotonsu da tsara fihirisarsu aiki ne da ya kamata sassan nazarin Hausa su sa a gaba tun ana iya karanta su. Ɗalibin da aka horar ya tambayi rubutun 1950 wanda ya ciyar da marubucinsa, shi ne zai iya yi wa muryar da yake ji a yau wannan tambaya, ya kuma koya wa yaran da za a ba shi su yi ta.